Na Bi Shanu Na Bar Takarda

Tun da na dawo Azare ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a teburin Malam Idi ba. Da na zauna a benci sai wani ya matso: "Likita, wai da gaske ne saura ƙiris ka samu takardar zama a Kanada ka watsar?" Wani ya ce korata aka yi, wani ya ce sanyi ne ya fi ƙarfina. Akwai ma wanda ya rantse wai Baturiya na aura ta kai ni ƙara. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, don haka ga shi nan tun daga farko, wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi.

Sunana Usman. Likitan da ake ce mini ba na mutane ba ne, malamin dabbobi ne ni. A ruga aka haife ni kusa da Chinade, inda mahaifina, Baffa, yake zaune har yau da 'yan shanunsa. Na yi karatun lafiyar dabbobi, na shekara tara ina allura da duba shanu a karar Azare da ƙauyukan Katagum. Wanda ya buɗe mini hanyar tafiya shi ne Modu, abokina tun sakandare, wanda iyayensa suka zo daga Borno suka zauna a unguwarmu. Ya riga ni zuwa Kanada, yana tuƙa tankar da ke bin gonaki tana kwasar madara. Wata rana ya kira ni ya ce akwai wani tsoho a cikin waɗanda yake ɗaukar madararsu, ya rasa mai taya shi kiwo, 'ya'yan ƙasar ba sa son aikin.

"Ka san saniya, ka san allura," in ji Modu. "In ka yi haƙuri da shi 'yan shekaru, gwamnatin lardin da gonar take za ta tsaya maka ka samu takardar zama na dindindin. Daga nan sai ka ɗauko Hauwa da yara."

Hauwa ita ce matata. A lokacin Aisha tana da shekara biyar, Bello yana da biyu.

Ranar tafiya motar haya na shiga zuwa Kano. Mun wuce Jama'are lafiya, kafin Kiyawa taya ta fashe, direba kuma ba shi da jak. Muka tsaya a rana muna ɗaga wa motoci hannu, wata tsohuwa da ke cikin motar tana ta faɗa wai ai tun daga tasha ta ga idon direban bai yi mata ba. Daga Kano na kama hanyar Abuja, na kwana biyu a ɗakin wani ɗan garinmu mai sayar da nama, wanda ya cika mini jaka da kilishi, ya ce a can sai in nemi nama in rasa.

Ban taɓa hawa jirgi ba sai ranar. Mun sauka a wani filin jirgi a Jamus don canja jirgi, lokacin salla ya yi, na shiga bayi na ɗaga ƙafa na sa a kwanon wanke hannu. Wata mai shara ta shigo ta tsaya tana yi mini magana da yarensu da ƙarfi, tana nuna ƙasa inda ruwa ya zuba. Na karɓi tsumman hannunta na goge wurin da kaina. Ta dube ni, ta dubi ƙafata, sai ta fashe da dariya ta nuna mini wani ɗaki a ƙarshen lungu da aka ware don masu ibada.

A iyakar Kanada kare ne ya fara tarbata. Ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe, aka fitar da kilishi da ƙullin man shanun da Inna ta ba ni, aka jefa su a wani babban kwando ina kallo. Jami'in ya tambaye ni ko na shiga gona ko wurin dabbobi kwanan nan. Na ce ai ni a cikinsu nake kwana nake tashi. Sai aka karɓi takalmana aka tafi da su wanki da magani, na zauna da safa kawai a kan kujera wajen rabin awa. Bayan haka wata mata ta buga mini takardar izinin aiki, ta ɗora yatsa a kan wani layi ta ce in karanta. Sunan mai gidan da zan yi wa aiki ne a wurin. Ta ce, "Shi kaɗai. Ba wani ba." Na gyaɗa kai. A lokacin ban ga wani abin damuwa a layin nan ba.

Modu ya ɗauke ni a mota muka yi ta tafiya cikin fili fetal, ba tudu ba kwari, dusar ƙanƙara ta rufe komai. Mai gidan nawa sunansa Yohan, tsoho dogo mai manyan hannuwa, ya haura saba'in. Matarsa Marta. Shanun tatsa sittin da 'yan kai suke da su. Suka ba ni ɗaki a saman garejin motocinsu, da gado da murhun lantarki da tagar da ke kallon rumfar shanu.

Abin da ya fara ba ni mamaki, shanunsu ba su da suna, lamba ce a kunne. Ba sa fita kiwo rabin shekara, abinci ake kawo musu har baki da tarakta. Inji ke tatsa. Abin da na kasa sabawa da shi har na baro ƙasar shi ne raba maraƙi da uwarsa tun ranar haihuwa. Karo na farko da na ga haka, saniyar ta yini tana kuka tana leƙa ƙofa, ni kuma na kasa cin abinci. Na gaya wa Yohan cewa a wurinmu sai maraƙi ya fara tsotsa sannan uwar ke sakin nono. Ya ce haka kakansa ma yake yi.

Na raɗa wa shanun suna ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata babba mai faɗa, wadda ba ta yarda kowace ta riga ta shiga wurin tatsa, na sa mata Goggo. Yohan ya yi ta dariya da na fassara masa, bayan wata biyu kuma na ji shi da kansa yana cewa, "Goggo, matsa!"

Abinci kuwa, dankali safe da yamma. Marta ta lura ina ture nama gefe, na yi mata bayanin yanka. Washegari ta kama zakara a cikin kajinta ta miƙo mini da wuƙa, ta juya baya. Gero na yi ta nema ban samu ba, sai wata rana a kantin kayan gona na gan shi a buhu da hoton tsuntsu a jiki. Abincin tsuntsaye ne a can. Na saya, na wanke, na niƙa a injin Marta, na bar madara ta kwana ta zama kindirmo, na dama fura. Yohan ya sha kofi biyu ya ce kada in gaya wa maƙwabta abin da aka yi ta da shi.

Maƙwabtan nan kuma sai ka yi tafiyar minti goma a mota kafin ka ga gidan na kusa. Ba mai yi maka sallama haka kawai, sai an yi waya an sa rana. Ɗan su Yohan ɗaya tilo yana birni yana aikin ofis, sau biyu a shekara yake zuwa. Masallacin Juma'a mafi kusa tafiyar awa ɗaya da rabi ce, Yohan yakan ba ni motarsa ya riƙe mini tatsar rana.

Da na cika lokacin da ake buƙata, muka cika takardu, Yohan ya sa hannu cewa ni ma'aikacinsa ne kuma yana buƙatata. Lardin ya amince ya tsaya mini, aka tura fayil ɗina ga gwamnatin tarayya. Lauyar da ta taimaka mana ta ja mini kunne da abu biyu: kada in bar aikin nan, kada in bar lardin nan, har sai amsa ta zo. Na ce mata ina zan je? Na kira Hauwa na ce ta yi wa kanta da yara fasfo. Na ji Aisha a bayanta tana ihu tana gaya wa ƙawayenta.

Muka yi ta jira. Kowace safiya bayan tatsa sai na buɗe waya na duba, kullum kalma ɗaya ce: ana dubawa.

Ana cikin haka, wata safiya a ƙarshen kaka, na shigo da shanu wurin tatsa ban ga Yohan ba. Na same shi a ɗakin tankin madara, zaune a ƙasa ya jingina da bango, bakinsa ya karkace. Ya ɗaga hannun hagu yana son magana, maganar ta ƙi fita. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya rayu, amma likitoci suka ce ba zai ƙara tsayawa a bayan saniya ba.

Wata uku ni kaɗai na riƙe garken, Marta tana taya ni da maraƙa. Sannan ɗansu ya zo da wani mutum mai riƙe da allo, suka zagaya rumfa suna rubuta lambobi. Da yamma ɗan nasu ya kira ni falo. Bai yi mini rashin mutunci ba, idonsa ma ja yake. Ya ce ba zai iya barin aikinsa ya dawo gona ba, mahaifiyarsa kuma ba za ta iya ba. Wata babbar gona a lardin da ke yamma da mu ta sayi shanun gaba ɗaya.

Bayan ya fita Marta ta riƙe hannun rigata.

"Usman, ba wanda zai zo nan ya ƙirga shanu. Zan ci gaba da sa hannu cewa kana aiki a nan. Ka zauna a ɗakinka har takardarka ta fito."

Na ce, "Mama, in suka gano fa?"

"Ni tsohuwa ce, me za su yi mini?"

Na tambayi lauya. Ta ce in aka gano, ni za a hana ni shiga ƙasar na shekaru, ita kuma Marta za ta iya fuskantar shari'a. Matar da mijinta ke kwance a asibiti. Na koma na yi mata godiya na ce a'a. Ta yi fushi da ni kwana biyu ba ta kawo mini burodi ba.

Muka sanar da ofishin lardi gaskiya. Suka ba ni ɗan lokaci in samo wani mai gida a cikin lardin, a irin aikina na dabbobi, wanda zai sa mini hannu. In na samu, fayil ɗina zai ci gaba daga inda ya tsaya. Modu ya ɗauki hutu muka yi ta bin gonaki. Wannan ya ce yana da mutane, wancan ya ce shi ma sayarwa zai yi, wani ya ce ba ya son wahalar takardun gwamnati. Saura kwana tara wa'adin ya cika Modu ya kira ni.

"An samu. A shirye suke su sa hannu gobe. Amma ka zauna tukun in gaya maka."

"Ina jin ka."

"Gonar aladu ce."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Usman, wata nawa ne? Da takardar ta fito ka ajiye musu aikinsu, ba mai tambayarka. Ba ci za ka yi ba. Allura ce da duba lafiya, da safar hannu. Ka tuna da yaran nan."

Na je na gani da idona. Manajan gonar mutumin kirki ne, ya ba ni shayi, ya ce ya san addinina, zai ba ni lokacin salla. Kafin ka shiga rumfar sai ka tuɓe ka yi wanka ka sa kayansu. Na yi, na shiga. Ba zan kwatanta muku ba. Ya miƙo mini wani jaririn alade ja in riƙe ya nuna mini inda ake yin allura, na miƙa hannu, hannun ya tsaya a hanya. Na ce masa ya ba ni zuwa jibi.

Ban ce wanda ya karɓi irin wannan aiki don larura ya yi laifi ba. Na san wasu da suka yi, yau iyalansu suna tare da su, ba ni da bakin zaginsu. Abin da na sani kawai shi ne abin da ya faru da hannuna.

A ranar ne kuma mutanen da suka sayi shanun suka aiko cewa in ina so in biyo garken, za su nema mini sabuwar takardar aiki da sunansu, tunda shanun sun san ni. Lauya ta ce in na tsallaka iyakar lardi, tsayawar da aka yi mini ta faɗi, sai dai in sake sabon lale a can.

Na kira Baffa. Sai da ƙanena ya hau babur ya kai masa waya bakin rijiya. Na zayyana masa komai da Fulatanci, ya saurara bai katse ni ba. Na zaci zai yi mini wa'azi. Sai ya ce, "Shanun tsohon, wa zai raka su?"

Na ce, "Direba ne kawai, Baffa."

"Kwana nawa a hanya?"

"Biyu."

"Hmm," in ji shi. Can ya ce, "Kai ka ga wurin, ni ban gani ba. Allah Ya zaɓa maka." Ya miƙa wa ƙanena waya.

Washegari na gaya wa manajan gonar aladun ba zan iya ba, na karɓi tayin bin shanun. Hauwa kuwa ban gaya mata zancen aladun ba. Na ce mata kawai an sayar da gona zan koma wani wuri, takarda za ta ɗan yi jinkiri.

Sai da sabuwar takardar aikin ta fito aka zo ɗaukar shanu. Ranar da aka loda su a tireloli Marta ba ta fito ba, labulen kicin kawai na ga yana motsi. Na shiga gaban tirela ta farko tare da direba, wani Ba'indiye mai rawani da gemu har ƙirji. Ya raba mini gurasarsa da miyar wake mai yaji, abinci mafi kama da na gida da na ci a ƙasar. Ya ce shi ma sau biyu ya canja mai gida kafin ya samu takardarsa, shekara bakwai bai ga 'yarsa ba. Muka kwana a wani masauki na direbobi a bakin hanya, aka sauke shanu a wani shinge na tatse su. Da asuba na iske shi yana addu'arsa a gefen mota, ni ma na shimfiɗa dardumata a ɗaya gefen.

Sabuwar gonar gari guda ce. Shanu dubbai, ma'aikata daga ƙasashe daban-daban, kowa da abin toshe kunne. Mai gonar ban taɓa ganinsa ba. Wurin tatsar wani babban faifai ne mai juyawa, saniya ta hau ya zagaya da ita ta sauka. Shanunmu suka firgita, na yi ta kiran sunayensu ina shafa su har yawancinsu suka saba. Goggo ta ƙi. Ta tsaya a bakin faifan ta hana na baya wucewa, kamar yadda ta saba a gida. Sati uku aka yi haƙuri da ita. Wata safiya na zo na ga an fesa mata jan fenti a gadon baya. Na je wurin shugaban sashenmu na ce a bar ni in riƙa tatsarta da hannu a lokacin hutuna. Ya duba na'urarsa ya ce lamba kaza tana ɓata wa layi minti huɗu kullum. Motar mahauta ta zo da azahar.

Ba a yi wata biyu ba saƙon ya shigo wayata ina tsakiyar wanke rumfa. Lardin farko ya janye tsayawar da ya yi mini, gwamnatin tarayya ta rufe fayil ɗina. Na karanta sau uku na mayar da wayar aljihu na ci gaba da wanki, don ban san me zan yi ba in na tsaya. Na nemi sabon lardin ya tsaya mini, aka ce a bana ba sa karɓar masu irin aikina, in jira a sake buɗewa. Na jira. Takardar aikina ta zo ƙarewa, kamfanin ya ce ba zai sabunta ba, sun sayo injuna sun rage mutane. Modu ya ce in ɓuya in yi aikin bayan fage kamar yadda wasu ke yi. Na ce masa na gaji.

Kafin in taso na hau bas na koma na yi sallama da Yohan. Yana wani gida da ake ajiye tsofaffi, ɗaki mai tsabta, da talabijin, da ma'aikata masu fara'a, ba jika ko ɗaya a kusa. A wurinmu da tsohon nan yana zaure a kan buzu ana shigowa gaishe shi. Marta na gefensa tana ba shi shayi da cokali. Da ya gan ni ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalmar ta fito.

"Goggo?"

Marta ta dube ni. Na ce, "Tana nan lafiya. Ita ce ke gaba a layi, ba ta barin kowa ya wuce ta."

Ya yi dariya da rabin fuska, hawaye na bin ɗaya gefen. Ni da na ƙi yi wa gwamnati ƙarya a takarda, na yi wa tsohon nan ita ido da ido, kuma har yau ban yi nadama ba.

Dawowa ba ta da labari. Ba kare, ba mai tambayata komai. Na sauka Abuja, na kwana Kano, na iso Azare da la'asar. Aisha ta yi tsawo har kafaɗar uwarta, Bello ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona sai da aka ce masa ya zo ya gaida Babansa.

Kwana uku gidan cike da 'yan sannu da zuwa. A rana ta huɗu da hantsi, yara sun tafi makaranta, Hauwa ta jawo wata babbar jaka daga ƙarƙashin gado ta zazzage a tabarma. Rigunan sanyi ne masu kauri, da huluna, da safar hannu ƙanana, da takalman roba. Ta ce tun ranar da na ce a yi fasfo take tsintarsu ɗaya-ɗaya a wurin 'yan gwanjo. Ta ɗaga wata ja ta kara a jikinta.

"Wannan ta Aisha ce. Ko hannunta ba zai shiga ba yanzu."

A nan na gaya mata komai, da tayin Marta, da gonar aladu, da wayar da na yi da Baffa. Ba ta ɗago ba, tana ta ninke kayan tana jerawa. Da na gama ta ce, "Ka tambayi lauya, ka tambayi Modu, ka tambayi Baffa."

"Haka ne."

"Baban Aisha, da ka tambaye ni."

Na ce, "Da me za ki ce?"

Ta daɗe tana riƙe da wata 'yar hula a hannu.

"Wallahi ban sani ba," in ji ta. "Wataƙila abin da ka yi shi zan ce ka yi. Amma ni ma shekara huɗun nan na yi su. Da ka tambaye ni."

Ta mayar da kayan cikin jaka ta ja zif, ta ce in na tashi zuwa Chinade in tafi da su, yaran ruga suna fita da shanu da sassafe.